Bakin Aro

Ƙarfe biyun dare ya gota a Brussels.
Ina cikin akurkin gilashi, na'ura a kunne,
kofina ya huce tun ɗazu.
Ni ce Halina, tafinta, bakin aro:
abin da suka faɗa a ƙasa shi nake juyawa,
ba ni da ƙuri'a, ko tari sai na kashe makirufo.

Suna kewaye da tebur mai siffar ƙwai.
Tsintsiya ce, in ji su, maɗaurinta ɗaya,
amma ni da ke sama
ina hango tsinken da ke son zamewa.

Mai furfura ya ce: "Ya keta iyaka da tankoki.
Yaƙi ba ma so, shiru kuma ba ma iyawa.
Tsakanin harsashi da naɗe hannu, me ya rage?
A rufe masa banki,
a tsare jiragensa a gaɓa,
a daskarar da dukiyar 'yan korensa,
har aljihu ya gaya wa kunne abin da ya ƙi ji."
Na juya. Ban rage ko wasali ba.

Wata daga gabas, mai jin ƙaurin gemun maƙwabci,
ta buga tebur, ta ce a ƙara.

Sai siririn nan na ƙaramar ƙasa,
wanda bututun wancan mutumin ke ɗumama asibitocinsa,
ya ce: "Hunturu na tafe.
Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo."
Aka ɗage zama, minti ashirin.

Na gan shi a baranda, waya manne da kunci,
daga hayin teku ake magana,
shi kuwa sai to, to, to.
Ban ji me aka ce masa ba.
Na dai san jiragen da ke gadin samaniyarsa ba nasa ba ne,
kuma kowa ya ci ladan kuturu
ya san inda aska take.
Ya dawo, ya gyara wuyan riga,
ya ɗaga hannu rabi. Aka ƙirga shi cikakke.
Ladansa na sakin layi na tara,
da ƙananan haruffa: sassaucin wata goma sha takwas.

Takunkumi.
Abin da ake ɗaura wa mai cizo a baki.
Sai dai igiyar kai biyu gare ta,
ɗaya a hannunmu yake, yana kuma yanka.

Mahaifina, Zenon, manomin tuffa ne a wajen Grójec.
Shekara ashirin, duk kaka,
Arkadi kan zo daga Smolensk da tirela mai shuɗin kai,
ya kawo bandar kifi a tsohuwar jarida,
su yi ciniki da yatsu, su yi musu kan ƙwallo,
ya loda, ya tafi.
Gobe ko jibi za a rama daga can,
sandar kwastam za ta sauka,
ba a tambayi Zenon ba, ba a tambayi Arkadi ba,
balle matar Arkadi, mai shan maganin zuciya daga Jamus.

Da asuba waya ta yi ƙara.
"An yi?"
"An yi, Baba."
Na ji numfashinsa, na ji kare na haushi a bayan rumbu.
"Daidai ne," ya ce.
"Na ga tankoki a titinmu ina saurayi,
na san ƙarar da suke yi a haƙori."
Ya yi shiru. Sannan:
"Amma tan arba'in, Halina. Wa zai ci?"

Wannan ban iya juya ta ba.
Babu harshen da zan kai ta.

A jirgin ƙasa na farko na buɗe jaka,
na sami ɗaya daga cikin waɗanda ya aiko,
gefenta ya fara laushi.
Na cinye har ƙwallon.